Babi na Shida: Aure Ya Haɗa Takarda, Bai Haɗa Maki Ba

Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, kakar masu cike wa mutane takardun haraji a Amurka take yanke saƙa. A unguwannin da mutanenmu suka yi yawa, irin Bronx da Harlem a birnin New York, ko Greensboro a jihar North Carolina inda 'yan Nijar suka daɗe da zama, za ka tarar da ɗan ƙaramin ofis, wani lokaci ma tebur ne kawai a bayan shagon aika kuɗi, mutane sun yi layi kowa da ledar rasidai a hannu. Mai gida ya zauna ya zazzage takardunsa. Mai cike takarda, idonsa na kan kwamfuta, ya ce:

"Alhaji, tare da Hajiya za ku cike, ko kowa da tasa?"

"Tare mana."

"To shagon fa, sunan wa zan sa a kai?"

"Sa nawa. Ai duk ɗaya ne, gida ɗaya muke."

Amsar farko daidai take ga galibin ma'aurata, domin cikewa tare ya fi sauƙin haraji. Amsa ta biyu ce abin dubawa. Hajiyar da ake magana a kanta tana can shago a daidai wannan lokaci, tana jera buhunan shinkafa da galan-galan na manja, ko tana ba mai saye canji, kuma haka ta yi tun daga Janairun bara har Disamba. Da wannan "sa nawa" an rubuta mata sifiri a littafin fansho na shekarar baki ɗaya, ba ta sani ba, shi ma mijin bai san abin da ya yi ke nan ba.

Haraji biyu a ambulan ɗaya

Takardar shekara-shekara da ake kira Form 1040 tana ɗauke wa mai sana'ar kansa haraji iri biyu, kuma kowanne da yadda yake kallon aure.

Na farko shi ne harajin kuɗin shiga. Wannan ya san da aure. Miji da mata na iya tara abin da suka samu wuri guda a yi musu lissafi ɗaya. Asalin abin ya samo tushe ne daga jihohi irin su Kalifoniya da Texas, inda doka ke ɗaukar duk abin da ma'aurata suka samu a zaman aure a matsayin nasu su biyu. A 1930 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Poe da Seaborn cewa ma'auratan irin waɗannan jihohi na iya raba kuɗin shigarsu biyu kowa ya biya haraji a kan rabi, abin da ya rage musu nauyi sosai. Mazauna sauran jihohi suka ga an bar su a baya, wasu jihohin har suka fara sauya dokokin aurensu don su ma su ci gajiyar. A 1948 Majalisar Dokoki ta kawo ƙarshen rigimar, ta buɗe wa kowa ƙofar raba kuɗin shiga biyu ta hanyar cikewa tare.

Na biyu shi ne harajin mai sana'ar kansa, wanda ake lissafawa a wata takarda daban mai suna Schedule SE. Wannan bai san da aure ba. A samansa akwai gurbin suna ɗaya da lambar Social Security ɗaya. Idan miji da mata duk suna da sana'a, takarda biyu za a cike, ko da kuwa a ƙarshe an haɗa jimillar a shafi guda an biya daga asusun banki guda.

Kuɗin nan shi ne zubin mutum a tsarin fansho na ƙasa da inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare. Ma'aikacin albashi ana cire masa kashi 7.65 cikin ɗari daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara wani kashi 7.65. Mai sana'ar kansa, direban Uber ne ko mai kitso ko mai shagon kayan abinci ko direban tirela, shi ne yaro shi ne ubangida, don haka duka biyun a kansa suke: kashi 15.3 cikin ɗari, wato 12.4 na fansho da 2.9 na Medicare. Ba haka aka faro ba. Dokar da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 14 ga Agusta 1935 ba ta ma shafi masu sana'ar kansu ba. Sai a 1951 aka shigo da yawancinsu, manoma suka biyo baya a 1955, likitoci a 1965. Sun daɗe suna biyan ƙasa da jimillar abin da ma'aikaci da ubangidansa ke biya, har gyaran 1983 na zamanin Ronald Reagan ya daidaita su.

Lissafin ba a kan cinikin da aka yi ake yinsa ba, a kan riba ne bayan an cire hayar shago, kuɗin kaya, man mota da sauransu a takardar Schedule C. Ita ribar ma ba duka ake ɗauka ba, kashi 92.35 cikin ɗarinta ake sa wa harajin. Wanda abin nasa bai kai dala 400 ba a shekara ba ya biya. Ɓangaren fansho kuma yana da iyaka: a 2024 duk abin da ya haura dala 168,600 ba a cire masa kashi 12.4, a 2025 iyakar ta koma dala 176,100. Na Medicare ba shi da iyaka. Rabin abin da mutum ya biya ana cire masa daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa haraji na farko.

Yadda ake tara maki

Hukumar tara haraji ta IRS ita ke karɓar kuɗin, sannan ta aika wa hukumar Social Security labarin cewa lamba kaza ta samu kaza a shekara kaza. Daga nan ake ba da maki. A 2024 kowace dala 1,730 maki ɗaya ne, a 2025 dala 1,810. Ba a ba mutum fiye da maki huɗu a shekara komai yawan abin da ya samu, kuma ba ruwan hukuma da watan da aka samu kuɗin: wanda ya haɗa dala 6,920 a watan Janairun 2024 ya gama cike makinsa na shekarar. Ga mai sana'ar kansa, saboda wancan kashi 92.35, ribar da za ta ba shi maki huɗu a 2024 ita ce kusan dala 7,500. Maki 40 ake nema kafin mutum ya cancanci fanshon tsufa da sunansa, wato aikin shekara goma ke nan, ba lallai a jere ba.

Abin kamar adashi ne. Uwar adashi ba ta tambayar daga aljihun wa kuɗin ya fito, ko wa ya sha wahalar nemansa. Sunan da aka kawo zubi da shi take rubutawa, kuma ranar kwasa mai wannan sunan take kira.

Maki 40 shiga kawai suke ba mutum. Yawan abin da zai riƙa karɓa a wata kuma ana samo shi ne daga shekaru 35 da ya fi samun kuɗi a cikinsu, bayan an daidaita tsofaffin shekaru da hauhawar albashi. Wanda bai cika 35 ba, sifiri ake cike masa gurbin da shi. Wannan ya fi shafar baƙi. Mutumin da ya sauka Amurka yana da shekara 45 ya yi aiki har 67, shekara 22 gare shi a littafi, sauran 13 sifiri ne, kuma duk da su za a raba.

Da yake kowa da littafinsa, abubuwa da dama da mutane ke zaton aure ya haɗa bai haɗa ba. Idan miji ya yi asarar dala 10,000 a sana'ar mota, matar kuma ta ci ribar dala 30,000 a shagon kitso, wajen harajin kuɗin shiga asararsa za ta rage ribarta. Wajen harajin mai sana'ar kansa kuwa sai ta biya a kan ribarta cif, asararsa tasa ce. Haka nan idan matar na aikin albashi, misali kula da tsofaffi a gidajensu wanda mata da yawa ke yi a New York, makinta na taruwa da sunanta, kuma abin da aka cire mata ba ya rage wa mijin ko sisi. Wuri ɗaya da ake haɗa su shi ne ƙarin harajin Medicare na kashi 0.9 da aka fara a 2013, wanda ke hawa kan ma'aurata idan abin da suka samu su biyu ya wuce dala 250,000.

Hanyoyin da doka ta sani

Idan shagon na miji ne da gaske, shi ke yanke shawara, matar kuma aiki take yi a ƙarƙashinsa, to ma'aikaciyarsa ce. Ya yanka mata albashi, ya cire mata nata kashi 7.65, ya ƙara nasa, ya ba ta takardar W-2 a ƙarshen shekara. Harajin tarayya na asusun marasa aikin yi ne kaɗai aka ɗauke masa. Kafin 1988 albashin da miji ya biya matarsa, ko mata ta biya mijinta, ba ya ba da maki. Daga wannan shekarar ne aka fara lissafa shi.

Idan kuwa su biyu suka mallaki shagon suna gudanar da shi tare suna raba riba da asara, a idon IRS abokan tarayya ne, ko sun rubuta yarjejeniya ko ba su rubuta ba. Kasuwancin tarayya kuma da tasa takardar, Form 1065, wadda wa'adin miƙa ta 15 ga Maris ne, tana da wuyar cikewa, masu cikewa na cajin kuɗi mai tsoka a kanta, kuma tarar jinkirinta ta haura dala 200 a kan kowane abokin tarayya a kowane wata. Wannan wahalar ce ta sa shekara da shekaru ma'aurata ke zuba komai a Schedule C ɗaya da sunan miji su huta.

A 2007 Majalisa ta kawo sauƙi da tsarin da IRS ke kira qualified joint venture. Sharuɗɗansa ba su da yawa: masu kasuwancin su kasance miji da mata kawai, su cike takarda tare, kowannensu ya kasance yana aiki a ciki da gaske, kuma duk su amince. Babu wata takardar neman izini. Sai dai kawai a raba ciniki da kuɗin da aka kashe gwargwadon kason kowa, a cike Schedule C biyu da Schedule SE biyu. "Aiki da gaske" yana da ma'auni. Mafi sauƙin ganewa shi ne mutum ya yi fiye da awa 500 a shekara a cikin sana'ar. Direban da matarsa ba ta taɓa sitiyari ba, ba ta kuma san yadda ake gudanar da sana'ar ba, ba zai raba ribarsa da ita a takarda don ya sama mata maki ba. Wannan ƙarya ce, kamar yadda goge sunan wadda ke wuni a shago ƙarya ne.

Akwai tarko ɗaya a nan. Mutane da yawa, da zarar sun buɗe shago, sai a ba su shawarar su yi rajistar LLC don kare dukiyarsu ta gida daga bashin shago. Shawarar ba ta da laifi, amma LLC mai ɗauke da sunan miji da mata ba ya shiga wannan sauƙin na 2007, ya koma kasuwancin tarayya mai Form 1065. Sai fa a jihohi tara masu dokar haɗa dukiyar aure, wato Arizona, Kalifoniya, Idaho, Louisiana, Nevada, New Mexico, Texas, Washington da Wisconsin, inda IRS ta yarda tun 2002 a ɗauki irin wannan LLC ɗin kamar na mutum ɗaya. Ko a waɗannan jihohin ma, harajin mai sana'ar kansa da makinsa na bin wanda ke gudanar da sana'ar ne, ba a raba shi biyu don kawai an yi aure.

Lissafin da ba ya faranta rai

A ɗauka shagon ya ci ribar dala 60,000 a 2024. Kashi 92.35 nata shi ne dala 55,410, harajin kuma dala 8,478. Idan aka raba biyu, kowa zai biya dala 4,239. Jimilla ba ta canza ba, kuma maimakon maki huɗu gidan ya samu takwas. Masu ba da shawara da yawa a nan suke tsayawa, su ce rabawa riba ce tsantsa.

Ba haka ba ne, kuma gara a faɗi gaskiya. Tun 1939 doka ta ba matar ma'aikaci haƙƙin karɓar har rabin fanshon mijinta ko da ba ta da maki ko ɗaya, idan ta jira cikar shekarun ritaya, wato 67 ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama. Idan ta fara karɓa tun tana 62, kashi 32.5 cikin ɗari za ta samu. Idan ya rasu, tana iya komawa kan cikakken nasa. Ita ma Medicare tana samu da makinsa idan ta kai 65. Amma idan tana da nata fanshon, ba a haɗa mata biyun. Abin da za ta karɓa ba zai wuce wanda ya fi girma a cikinsu ba. Duk wannan haka yake idan matar ce mai sana'a mijin ne ba shi da maki. A da sai namiji ya kawo hujjar cewa matarsa ce ke ɗauke da shi, har Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin a 1977 a shari'ar Califano da Goldfarb, wadda Ruth Bader Ginsburg ta tsaya wa tun tana lauya.

Yanzu a ɗauka shagon nan ya yi shekara 35 yana cin riba daidai da waccan a ƙimar kuɗin yau, kuma su biyun sun jira har 67. Tsarin lissafin 2024 na mayar wa mutum kashi 90 cikin ɗari na dala 1,174 ta farko a matsakaicin abin da yake samu a wata, kashi 32 na abin da ya biyo baya har zuwa dala 7,078, sannan kashi 15 na sauran. Idan komai da sunan miji yake, zai karɓi kusan dala 2,158 a wata, matar ta karɓi rabi, dala 1,079. Gida ya samu dala 3,237. Idan an raba daidai, kowa zai karɓi kusan dala 1,419. Gida ya samu dala 2,838. Giɓin kusan dala 400 ke nan kowane wata, alhali haraji ɗaya aka biya. Ranar da ɗayansu ya rasu kuma, wanda ya rage zai zauna da dala 2,158 a tsari na farko, dala 1,419 a na biyu. Idan kasonsu na gaskiya 70 da 30 ne, jimillar gida kusan ɗaya take da ta rabi da rabi, sai dai wanda ya rage zai zauna da kusan dala 1,715.

Masu babbar riba ma rabawa na ƙara musu haraji tun yanzu. Ribar dala 300,000 da suna ɗaya tana cin karo da iyakar 2024 ta dala 168,600, ɓangaren fansho ya tsaya a kusan dala 20,900. An raba biyu, kowa na ƙasa da iyaka, sai a biya kusan dala 34,350.

Dalilin wannan bambanci shi ne an gina tsarin ne a zamanin da ake ɗaukar gida a matsayin miji mai fita nema da mata mai zaman gida, kuma har yau irin wannan gidan ya fi cin moriya. To me zai sa a raba?

Abin da sifiri ke hana mace

Waccan dala 400 ta kowane wata tana da sharuɗɗa, kuma idan sharuɗɗan suka warware, a kan mutum ɗaya abin ke faɗawa.

Matar da ba ta da maki ba ta da fanshon nakasa. Wannan da sunan mutum kaɗai ake samunsa, kuma ga wanda ya kai 31 galibi sai yana da maki 20 a cikin shekaru goma da suka gabaci ciwon. Mai kitson da ta yi shekara goma sha biyar tana tsaye daga safe har dare, yatsu suka ƙage, baya ya riƙe tana da shekara 48, idan duk ribar shagon da sunan mijinta aka rubuta, za ta je ofishin hukuma a buɗe littafinta a ga ba komai. Makin mijinta, muddin yana raye, ba zai ba ta fanshon nakasa ba.

Idan ta rasu ta bar ƙananan yara, ba abin da za su samu ta wajenta. Alhali da tana da maki shida kacal a shekaru ukun ƙarshe na rayuwarta, da kowane yaro da bai kai 18 ba zai iya karɓar har kashi 75 cikin ɗari na fanshonta, gwargwadon iyakar da aka sa wa iyali ɗaya. Mazan da ke cewa duk ɗaya ne ba kasafai suke kawo wannan a ransu ba, ga shi kuwa su ne za a bari da marayu da shagon da ya rasa mai tsaronsa.

Ba za ta fara karɓar rabin na miji ba sai shi ya fara karɓar nasa. Idan ya yanke shawarar jira har 70 don nasa ya ƙaru zuwa kashi 124 cikin ɗari, ita ma dole ta jira, kuma rabin nata ba ya ƙaruwa da jiran.

Sai maganar rabuwa, wadda ba a son ambata amma tana faruwa. Bazawara na da haƙƙi a kan makin tsohon mijinta idan auren ya kai shekara goma cif, ana lissafawa har ranar da aka kammala raba auren a shari'a. Shekara tara da wata goma sha ɗaya ba ta ba da komai. Wadda ta cika goman ma, da zarar ta sake aure haƙƙin ya tsaya muddin sabon auren na nan, kuma mun san a al'adarmu ba a barin mace ta daɗe a zawarci. Matar mamaci ma idan ta sake aure kafin ta kai 60 haka abin yake. Ga maza masu fargaba: abin da tsohuwar mata ke karɓa ba ya rage na miji, ba ya kuma rage na matar da ke gidan yanzu.

Akwai kuma wadda aka bari a gida, a Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Doka ta yarda mijin da ke zaune a Amurka ya cike takarda tare da matarsa da ke waje idan sun zaɓi a ɗauke ta kamar mazauniyar ƙasar wajen haraji, a nema mata lambar biyan haraji ta ITIN. Wannan na rage haraji, amma ba ya ba ta maki, ba ya kuma tabbatar mata da rabin fansho. Matar da ba 'yar ƙasa ba ce, idan tana zaune a waje, galibi sai ta taɓa zama a Amurka shekara biyar tana matsayin matarsa kafin a riƙa aika mata kuɗi. Akwai ƙasashe kusan 30 da suka ƙulla yarjejeniyar fansho da Amurka waɗanda wannan sharaɗin bai hau kan mutanensu ba, irin su Kanada, Birtaniya, Faransa da Jamus, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Ma'auratan da ke shirin komawa gida da tsufa su lura: wadda ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa ana biyan ta kusan ko'ina take a duniya, wadda ba ta karɓa ba kuwa, bayan wata shida a waje sai an duba ko ta faɗa cikin waɗanda doka ta keɓe.

Ra'ayina a nan a fili yake. Idan su biyu ke da shagon su biyu ke aikinsa, ba ma zaɓi ba ne, doka ce ta ce a rubuta shi yadda yake. Inda kuma akwai sararin zaɓi, misali wajen tsara kason kowa ko yawan albashin da za a yanka mata, ba daidai ba ne a yanke hukuncin a minti biyu a ofishin mai cike takarda, wadda za ta ɗauki kasadar kuma ba ta wurin. Ai sa hannunta na kan takardar. Duk wanda ya sa hannu a takardar da aka cike tare, bashin harajin gaba ɗaya na kansa, ba rabi ba, kuma yana bin sa ko bayan an rabu. Akwai hanyar neman sassauci ga wadda ba ta san an yi ƙarya ba, Form 8857, amma sai ta gamsar da IRS. Mace ta ɗauki dukan bashi idan abu ya ɓaci, ta kuma tashi ba maki idan abu ya yi kyau, wannan ciniki ne da ba wanda zai yarda da shi idan an karanta masa.

Wani abin da ke cinye makin miji da mata baki ɗaya shi ne rage riba a takarda. Sana'ar da ake biya hannu da hannu tana da wannan jarabar, kuma akwai masu cike takarda da ke tallata kansu da cewa a wajensu ba a biyan komai. Ribar da aka matse ta koma dala 300 ba ta biyan haraji, ba ta kuma ba da maki ko ɗaya. Wanda shekara ta yi wa tsiya da gaske kuwa, akwai hanya halattacciya a cikin Schedule SE da ke ba shi damar biyan haraji a kan ɗan abin da ya fi ribarsa don kada makin shekarar ya kuɓuce; wanda ba manomi ba sau biyar kawai zai iya amfani da ita a rayuwarsa, kuma sai ya kasance ya samu aƙalla dala 400 daga sana'ar kansa a shekaru biyu cikin ukun da suka gabata.

Gyara yana da wa'adi

Kowa na iya ganin littafinsa. A shafin hukumar Social Security na intanet ana buɗe asusu kyauta, a ciki akwai jadawali mai sauƙi: shekara a hagu, kuɗin da aka rubuta wa mutum a dama. Matar da ta yi shekara goma sha biyu a shago da sunan miji za ta ga sifiri goma sha biyu a jere. Miji ya buɗe nasa, mata ta buɗe nata, kowa da lambarsa. Na ɗaya ba ya nuna na ɗayan.

Idan an ga kuskure, ana cike Form 1040-X a haɗa da sababbin Schedule C da Schedule SE. Sai dai hukumar fansho na rufe littafin kowace shekara bayan shekara uku da wata uku da kwana goma sha biyar. Na 2024, misali, zai rufe ranar 15 ga Afrilu 2028. Mai sana'ar kansa da bai taɓa bayyana ribar wata shekara ba sai bayan wa'adin, IRS za ta karɓi kuɗinta da tara, amma galibi ba za a ba shi makin ba. Doka ta bar ƙofa ga kuɗin da aka riga aka bayyana amma aka rubuta da sunan wanda ba shi ya same su ba, ko bayan wa'adi. Wannan ƙofar sai da hujja, kuma hujjar da ake nema ta wancan lokacin ce: yarjejeniyar hayar shago mai ɗauke da sunanta, lasisin sana'a, asusun bankin da take sa wa hannu, rasidan dillalai da aka rubuta mata, da mutanen da za su shaida cewa ita suke tararwa a shago. Duk abin da aka mayar mata kuma daga littafin mijin za a cire shi, don haka idan ya riga ya fara karɓar fansho, za a sake lissafa nasa.